Fuskar da ke Bayan Tirelar Ƙanina

Shekarun baya, a wata kakar zaɓen shugaban ƙasa da ba zan faɗi wacce ba don kada ku fara lissafin wanda nake nufi, na yi wani zane da ya kusa sa mini hawan jini. Duk lokacin da na ga an fara manna fastoci a shataletale sai abin ya dawo mini sabo. Yau dai na ce bari in zauna in ba ku labarin.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sana'ata fenti ce, fentin manyan motoci. Idan ka taɓa bin bayan tirelar da ta fito daga Potiskum ka ga zaki ya danne barewa, ko mikiya ta suro maciji, ko masallaci mai koren rufi da bishiyar dabino a gefe, to akwai yiwuwar hannuna ne. Rumfata tana bakin garejin manyan motoci. Zakina kam ba na jin kunyar nuna shi a ko'ina. Inda ake samun saɓani shi ne fuskar mutum. Ni a ganina na iya, mutanen gareji kuma suna da nasu ganin.

Ƙanina direba ne, a lokacin yana jan tirelar wani Alhaji, yana kai shanu kudu. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu. Babanmu ma direba ne, kuma a hanya ya rasu, ina firamare, Inna tana da cikin ƙanina. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin lasin tuƙinsa, shi ma wuta ta cinye shi tare da motar. Saboda haka ƙanina bai taɓa ganin babansa ba, ko a takarda. Ranar da ya ce tuƙi zai koya Inna ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta sa masa albarka. Tun daga nan ba ya yin doguwar tafiya sai ta hau keke mai ƙafa uku ta zo gareji da ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli, ta dafa motar ta yi addu'a.

A wannan shekara ni ɗan a-mutun wani ɗan takara ne. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ko sunan unguwarmu bai sani ba, amma ka zage shi a gabana sai in ajiye buroshi in tanka maka. Maƙwabcin rumfata mutumin kudu ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran mota. Ya daɗe a Potiskum har 'ya'yansa sun fi nawa jin Hausa. Shi kuma ɗaya ɗan takarar yake yi. Kullum da safe kafin shayi ya huce mun riga mun fara.

"Mai Fenti, ka ji labari?" in ji shi. "Makarantar da mutuminka ya ce ya yi, an je an duba, fili ne, rogo ake nomawa."

"Oga, naka fa? An ce shekarun da ya rubuta, ƙaninsa ma ya girme shi."

"Nawa dai yana hawa bene da ƙafarsa."

"Yana hawa, amma sai an riƙe shi yake saukowa."

Haka muke wuni. Yau takardun makaranta, gobe lafiyar jiki, jibi wani gida da aka ce an gano a ƙasar waje. Duk abin da aka faɗa a kan nawa sharrin maƙiya ne, duk wanda aka faɗa a kan nasa gaskiya ce tsagwaronta, ko bincike ba na buƙata. Shi ma haka yake yi. Da azahar in zan tafi masallaci shi nake bar wa rumfa, ranar Lahadi kuma ni nake karɓar masa saƙon kaya.

Ana cikin haka sai ga Alhaji mai tirela. Yana neman manyan jam'iyya su san da zamansa, ya ce yana so a goge zakin da ke ƙofar bayan motar a sa fuskar ɗan takarata, babba, yadda duk wanda ya biyo ta daga nan har bakin teku zai gani. Ni kam dama abin da nake jira ke nan. Ƙanina ne ya ɓata rai.

"Alhaji, mu fa ba gari ɗaya muke ratsawa ba," in ji shi. "Zakin nan bai taɓa yi wa kowa laifi ba."

"Motarka ce ko tawa?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

Ni ma na sa baki, na ce masa matsoraci ne, ai ƙasar nan gaba ɗaya mutumin nan take so, har kudun ma. A rediyo na ji haka, daga bakin kakakin kamfen ɗinsa. Ƙanina ya wuce gaban mota ya buɗe inji.

To, ni ina da yadda nake aiki, kuma ina alfahari da shi. Ba na kwafa. Sauran masu fenti sukan ja layuka a kan hoto, su ja irinsu a jikin mota, su bi gida-gida suna cikewa. Ni ina ganin wannan aikin 'yan koyo ne. Nakan ƙura wa hoto ido har ya zauna mini, sai in ninke shi in sa a aljihu, sauran duk daga ka. Tun ina yaro da gawayi a bangon mutane haka nake yi. Na karɓi fastar ɗan takara, yana murmushi da hularsa da kowa ya san shi da ita, na kalla, na ninke, na hau kan durom na fara. Hannuna yana tafiya kamar ya san hanya, ban taɓa jin daɗin zanen fuska irin na ranar ba.

Da na gama na sauko na ja baya ina jiran yabo. Mutanen gareji suka taru. Wani bakanike ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sabon ɗan takara ne ya fito ba mu ji ba?"

Maƙwabcina ya zo yana goge hannu da tsumma. "Mai Fenti, idan wannan ne mutuminka, ni ma shi zan zaɓa. Wannan yana da fuskar mai gaskiya."

Alhaji ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce, "Hular dai ta yi kama."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce musu ba su san zane ba, kuma da zarar na rubuta suna da alamar jam'iyya a ƙasa kowa zai gane. Har na ja layi da alli inda sunan zai zauna. Sai dai fentin bai bushe ba, washegari kuma Laraba, ranar kasuwar shanu, dole mota ta je kara ta yi lodi. Muka bar rubutun sai ta dawo.

Da safe Inna ta zo da ƙullin yajinta. Ta sauka daga keke ta zagayo bayan motar inda ta saba dafawa, sai ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon sama. Ni ina gefe ina gyara tsayuwa, na ce yauwa, ga wadda za ta yaba.

"Kai," in ji ta, don ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Wa ya ba ka hoton babanku?"

"Haba Inna, shugaban ƙasa ne mai jiran gado."

"Shi shugaban ƙasar wushirya gare shi? Kunnuwan nan fa da suka buɗe? Da idon hagun nan da yake ƙanƙancewa in zai yi dariya?"

Na zaro fastar daga aljihu na duba a ɓoye. Haƙoran ɗan takara a jere suke reras, babu wata wushirya. Na mayar da ita aljihu. Ƙanina yana can gaba yana duba mai, ya jiyo mu, ya ɗaga murya yana dariya. "Yaya ya je zana ɗan takara ya dawo da Baba!" Ko leƙowa bai yi ba, har lokacin haushin zakinsa yake ji. Inna ta dafa motar ta yi addu'arta, ta fi ta kullum tsawo. Da la'asar suka gama lodi suka kama hanya.

Suna kan hanya abin ya fashe. Wani faifan murya ya fara yawo a wayoyi, murya irin ta ɗan takarata, yana yi wa mutanen wani yanki na kudu baƙar magana. Wai ƙuri'arsu ba ta dame shi ba, da wasu kalmomi da ba zan maimaita a nan ba. Mutanensa suka ce haɗa muryar aka yi da na'ura. 'Yan adawa suka ce shi ne, har da irin tarinsa. Gidajen rediyo suka ɗauka, kowa da masaninsa. Ni tun kafin in saurari faifan na yanke hukunci cewa ƙarya ne, na zauna ina tanadin amsar da zan ba maƙwabcina in ya zo tsokana.

Ya zo, amma babu dariya a fuskarsa. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Mai Fenti, yau ba wasa na zo ba. Ina ƙaninka?"

"Yana hanya. Me ya faru?"

"Ɗan'uwana ya kira ni daga gida. Samari sun tare babban titi tun safe. Suna yage fasta, duk motar da suka ga hoton mutumin nan a jiki suna fasa gilashi. An ce an ƙona wata bas. Ta garinmu ƙaninka yake wucewa, ko ba haka ba?"

Ta nan yake wucewa. Kuma bisa lissafin tafiyarsu a ranar ya kamata su isa wurin. Buroshin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi cikin ƙasa ba. Na kira ƙanina, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira mai rakiyar shanun, ba ta shiga. Abin da nake gani a idona kawai shi ne hular nan, wadda kowa ya yarda ta yi kama, a saman ƙofa mai faɗin ɗaki, ga kuma ƙanina a gabanta.

Na kira Alhaji. Yana Damagum wajen taron jam'iyya, ina jin kiɗa da lasifika a bayansa. Na yi masa bayani da ƙarfi. Ya ce, "Allah zai tsare. Shanun dai an ce lafiya?" Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai hana ni samun aiki a garejin.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne zuwa gida. Matar da hanya ta cinye mata miji, yanzu in je in ce mata me? Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, rediyo a gefenta, carbi a hannu. Ta riga ta ji. Na durƙusa ina jiran faɗa, wallahi so nake ta yi mini faɗa. Ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "Akwai tuwo a kwano." Ta ci gaba da jan carbinta. Ban iya zama ba, na koma gareji.

Na tarar maƙwabcina ya rufe shagonsa, abin da ko ranar da aka yi masa haihuwa bai yi ba. Yana zaune a bencina da waya a kunne yana magana da yarensu da sauri. Ya ce mini ɗan'uwan nasa yana da babur, ya roƙe shi ya bi titin ya duba duk manyan motocin da aka tsayar. "Na gaya masa tirelar shanu ce, mai hoton mutuminka a baya. Ka zauna. Ka yi addu'arka, ni ma ina yin tawa."

Muka zauna. Masu zuwa sayen kaya suna tarar da shago a rufe suna juyawa. A rumfar mai shayi ana ta musu a kan faifan, wani yana rantsuwa muryarsa ce, wani yana rantsuwa ba ita ba ce. Jiya-jiya da ni ne a tsakiyarsu. Ranar ji na yi ko shi ne ko ba shi ba ne, bai dame ni ba ko kaɗan. A ba ni ƙanina kawai, su je su raba kujerar yadda suka ga dama.

Can bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ina kallon fuskar maƙwabcina, na ga ta canza. Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce, "Ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya shiga gidajen mai. Ya ce babu tirela ko ɗaya mai hoton ɗan takara."

A raina na ce shi ke nan, ko an ƙona ta, ko an janye ta wani wuri. Na fara salati a fili.

Shi kuwa ya ci gaba da sauraro. Sai na ga ya ɗaga gira. Ya yi wata tambaya, aka ba shi amsa. Ya sake tambaya. Kawai sai ya fashe da dariya, irin wadda take sa mutum ya riƙe ciki, har ya zame daga kan benci. Na kusa shaƙe shi.

"Oga, lafiya? Dariyar me kake yi?"

Da ƙyar ya iya magana. "Ya ce akwai dai wata tirelar shanu a gidan mai, mai lambar Yobe, ya wuce ta ya sake wucewa. Amma ba ɗan takara ne a jikinta ba. Wai wani dattijo ne mai wushirya."

Ban taɓa jin daɗin a raina sana'ata ba sai ranar. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai da kayana, ina dariya hawaye yana zuba. Ɗan'uwan nasa ya koma gidan man ya miƙa wa ƙanina waya. Ashe cajarsa ce ta lalace tun a hanya, mai rakiyar shanu kuma tasa ta faɗa ƙarƙashin kofato.

"Yaya, lafiya lau nake. Ka gaya wa Inna. Mota lafiya, shanu lafiya."

"Sun tare ku?"

"Sun tare mu." Muryarsa wani iri, kamar mai mura. "Sai na dawo, Yaya. Kada ka bari kowa ya taɓa zanen nan."

Maƙwabcina ne ya ɗauke ni a mashin ɗinsa zuwa gida. Inna ta ji saƙon, ta kifa goshinta a tabarma ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta sa aka zubo wa maƙwabcina tuwo, ta tsaya a kansa sai da ya cinye.

Bayan 'yan kwanaki ƙanina ya dawo, a tsakar gida ya ba mu labarin. Ya ce sun shiga garin da hantsi suka tarar an gindaya itace da tayoyi a titi. Motar da ke gabansa ƙaramar bas ce mai sitikar ɗan takara a gilashi, a kan idonsa aka farfasa shi. Da aka zo kansa wasu suka zagaya baya, sai ya ji ihu. Suka sauko da shi, suka ja shi har ƙofar baya. Babbansu ya nuna hular ya ce wane ne wannan.

"Inna, ba abin da ya zo mini sai maganarki. Da guntun Turancina na hanya na ce musu babana ne."

Suka ce ƙarya yake yi, ga hula nan. Ya ce a garinsu kowane dattijo irin hular da yake sawa ke nan. Wasu suka ce a fasa, wasu suka ce a tsaya, ai babu suna, babu alamar jam'iyya. Sai babban nasu ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin zanen, ya cire masa hular sanyin da ke kansa, ya ce ya buɗe haƙora.

"Ka taɓa yin murmushi ana riƙe da gora a kanka, Yaya? Na yi."

Suka dubi sama, suka dube shi. Suka sake duban sama. Wata dattijuwa mai sayar da ayaba a bakin titi ta taso ta leƙa, ta yi musu magana da yarensu tana kama kunnuwanta tana ja waje. Sai wurin ya kece da dariya. Wani ya zo ya juya masa kai gefe don a ga kunnen da kyau. Babban nasu ya tambaye shi ko baban yana raye. Ya ce ya rasu a kan hanya irin wannan, kafin a haife shi. Mutumin ya mayar masa da hularsa, ya buga jikin motar da tafin hannu. Shi da kansa ya sa aka janye taya, ya ce ya shiga gidan mai ya jira gari ya lafa, gaba ta fi nan zafi. Dattijuwar ta aiko masa da ayaba.

"Da na faka, sai na zagaya baya na zauna a kan dutse," in ji ƙanina. "Tun da ka yi zanen nan ban kalle shi ba sai lokacin. Ina nan zaune har mai babur ya zo."

Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ashe haka yake?"

Ni kaina ban san ina riƙe da fuskar nan ba. Da za ka ce in siffanta maka babanmu da baki, ba zan wuce dogo ne baƙi ba. Inna ce ta amsa masa. Ta ce, "Haka yake. Sai dai shi bai taɓa samun hula mai tsada irin wannan ba."

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya sauya sheƙa, ya koma wajen ɗan takarar maƙwabcina. Ya zo gareji ya ce a goge wannan fuskar a sa ta sabon gwaninsa. Ƙanina, wanda bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya zaro makullin mota ya ajiye a kan durom ɗin fentina.

"Alhaji, motarka ce. Amma in za a goge, a nemi wani direban."

Alhaji ya dubi makulli, ya dubi zanen. Direba mai amana ba a samunsa a bakin titi, ya san haka. Ya ce, "To a bar shi. Dama bai yi kama da kowa ba." Layin allin da na ja don sunan ɗan takara yana nan bai goge duka ba. A kansa na rubuta Allah Ya Jiƙan Baba, da farin fenti. Wannan rubutun kam har bakaniken nan ya yaba.

Faifan muryar kuwa, har yau ban san ko na gaske ne ko haɗi ba ne. An yi ta hayaniya, sai wani sabon abin kunya ya fito a kan ɗaya ɗan takarar, kowa ya koma can. Aka yi zaɓe, wanda ya ci ya ci. Ba a daɗe ba na ga su biyun a talabijin wajen ɗaurin auren 'ya'yan manya, sun rungume juna suna raha. Na kira maƙwabcina ya zo ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mai Fenti, mu ne dai ba mu da aikin yi." Mai ƙaramar bas ɗin nan da aka fasa wa gilashi na tuna, ko wa ya saya masa wani.

Ban daina siyasa ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Ina da katin zaɓe, ina da gwani, kuma har gobe ina musu da maƙwabcina, furfura ce kawai ta ƙaru. Abin da ya canza shi ne na gane su masu takarar in sun yi suɓutar baki suna da kakaki, da lauya, da mota mai baƙin gilashi. Wanda yake ɗauke da fuskarsu a hanya ba shi da ko ɗaya. Yanzu in mai mota ya zo yana son ɗan takara, nakan fara tambayar direban ko ya yarda. In ya yarda, a kan falle na langa-langa nake zanawa, a ɗaura da noti, yadda duk ranar da mutumin ya buɗe baki ya yi ɓarna za a sa sifana a kwance shi kafin a shiga gari na gaba. Kuma yanzu ina jan layuka ina bi gida-gida kamar ɗan koyo. Abokan sana'a suna yi mini dariya, ina ƙyale su.

Tirelar ta tsufa, daga baya aka canza mata bodi. Ƙanina ya roƙi Alhaji tsohuwar ƙofar, aka ɗauko ta a kura, majiya ƙarfi suka shigar da ita gidan Inna da ƙyar, sai da aka cire ƙyauren zaure. Tana nan jingine da bango a tsakar gida, ta cinye rabin wurin shanya. Inna ta sa an yi mata 'yar rumfa don kada rana ta ci fentin. 'Ya'yan ƙanina a nan suka san kakansu.

Ni kuwa duk lokacin da na shiga gaishe da Inna sai na ɗan tsaya a gabanta. Har yanzu nakan ji sanyin da na ji a ƙasan garejin nan ranar da aka ce dattijo ne mai wushirya. Manyan mutane da yawa na zana a rayuwata, babu wanda ya fito daidai. Sau ɗaya na dace, shi ma ban san shi nake zanawa ba.